Hoton faifai: hanyar komawa baya in gyaran kwamfuta ya ɓaci

Ranar Juma'a 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, da ƙarfe 5 da minti 9 na asuba agogon Nijar, wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna CrowdStrike ya aika ma kwamfutocin abokan cinikinsa wani ɗan gyara ta hanyar intanet. Aikin wannan kamfani shi ne tsare kwamfutoci daga ɓarayi da maɓarnata, kuma irin wannan aike abu ne da ya saba yi kullum. Sai dai na wannan rana akwai kuskure cikinsa. Kwamfutar da ke aiki da Windows in ta karɓe shi, sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta tsaya cik. In aka kashe ta aka sake tada ta, sai ta koma karanta gyaran nan, ta sake faɗuwa.

Bayan minti 78 kamfanin ya janye gyaran, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kamfanin Microsoft, mai Windows, ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8 da rabi abin ya shafa. A birnin Berlin na Jamus an tsaida tashin jiragen sama. A Indiya an koma rubuta ma fasinjoji takardar shiga jirgi da hannu. A Ingila likitoci da yawa sun kasa buɗe bayanan marasa lafiyarsu, gidan telebijin na Sky News kuma ya ɗauke na wani lokaci. Kamfanin jiragen sama na Delta, can Amurka, ya soke tashin jirage wajen 7,000 cikin kwana 5, ya ce asarar da ya yi ta kai dalar Amurka miliyan 500.

Abin da ya tsawaita wahalar shi ne wannan: na'urar da ba ta tashi, ba ta iya karɓar magani daga nesa. Tilas ma'aikaci ya je gabanta, ya tada ta wata hanya ta musamman, ya nemo takarda guda da ta kawo ɓarnar, ya share. Na'urar da aka kulle faifanta don tsaro kuwa, sai an nemo makullinta mai lamba 48 an buga da hannu. Ma'aikatar da ke da na'urori dubbai ta yi kwanaki tana wannan aiki.

Amma cikin shawarwarin da kamfanin ya bayar a ranar akwai wata gajeruwa, wadda aka yi ma masu manyan na'urorin da ake haya ta intanet: wanda ke da hoton faifansa da aka ɗauka kafin lokacin aiken, ya koma ga hoton nan. Wanda ya yi tanadi ke nan, nasa aikin ya zo da sauƙi. Wannan hoto, wanda ake ce ma instantané da Faransanci, shi ne abin da ya kamata kowane ma'aikaci mai aiki da kwamfuta ya san ma'anarsa, da amfaninsa, da kuma iyakarsa.

DON ME GYARA KE ƁACI?

Kwamfuta, wadda ƴan boko ke ce ma ordinater, ƙarfe ce da waya kawai in babu manhaja. Manhaja ita ce umarnin da aka rubuta ma na'ura don ta san abin da za ta yi. Akwai ƙananan manhajoji, kamar ta rubuta wasiƙa da ta lissafin albashi. Akwai kuma uwar manhaja, wadda ke tada na'urar, ta raba ma sauran aiki, ta tsare ajiya. Windows da Linux da macOS da Android duk uwayen manhaja ne.

Uwar manhaja ba abu guda ba ce. Takardu ne dubbai, kowace ta dogara ga ƴar uwarta. Masu yin ta kullum suna gano wani kuskure ko wata kafa da ɓarawo zai iya bi, su toshe, su aiko da sabon zubi. Karɓar wannan sabon zubi shi ne sabuntawa. Ƙin sabuntawa hatsari ne, domin kafar da aka riga aka sani, ɓarayi ma sun san ta. Amma ita kanta sabuntawa tana da nata hatsari, gama tamkar sauya ginshiƙan ɗaki ne alhali mutane na ciki.

Hanyoyin ɓacinta sanannu ne. Wuta na iya ɗaukewa aiki na tsaka, a bar rabin takardu sababbi, rabi tsofaffi, ba su san juna ba. Faifai na iya cika kafin a gama. Sabon zubi na iya ƙin jituwa da wani ƙarfe na cikin na'urar, ko da wata tsohuwar manhaja da ma'aikata ke dogaro da ita. Wani lokaci kuma kuskuren daga can gidan masu manhajar ya taso. A ranar 2 ga watan Oktoba na 2018 Microsoft ya fitar da sabon zubin Windows 10. Cikin ƴan kwanaki ya janye shi, don an tarar yana share takardun wasu mutane, kuma bai maido shi ba sai ranar 13 ga Nuwamba. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Tun da babu wanda zai iya lamunce cewa gyara ba zai ɓaci ba, masana suka juya ga wata tambaya: in ya ɓaci, ƙaƙa za a koma inda aka fito, da sauri, ba tare da an sake ɗora kome daga farko ba?

KUNDIN DA BA A SHAREWA

Don a gane amsar, sai a dubi yadda faifai ke ajiya. Faifan kwamfuta a rabe yake gida gida, ƙananan gidaje miliyoyi, kowane da lambarsa. Takarda guda tana iya cin gida ɗaya ko gida dubu, kuma ba lalle su kasance jere ba. Saboda haka akwai fihirisa, wato jerin da ke nuna sunan kowace takarda da lambobin gidajen da take ciki. Na'ura in tana neman takarda, fihirisa take fara dubawa. Ƙa'idar da ke tsara gidajen nan da fihirisarsu ita ce tsarin ajiya.

A ɗauki misalin magatakarda biyu a biro, kowane da babban kundinsa.

Na farko, in aka ce ya gyara wani shafi, sai ya goge tsohon rubutu ya ɗora sabo a wurin. Aikinsa na da sauri, kundinsa ba ya saurin cika. Amma abin da ya goge ya tafi ke nan. In aka kira shi yana tsakiyar gyara ya tashi, shafin ba tsoho ba ne, ba sabo ba. In kuma daga baya aka gane gyaran kuskure ne, babu inda za a duba a ga yadda shafin yake da farko. Tsofaffin tsare-tsaren ajiya haka suke aiki.

Na biyu ba ya goge kome. In aka ce ya gyara shafi na 40, sai ya nemi farin shafi, a ce na 312, ya rubuta sabon bayani a can. Sai ya gama sarai, sa'an nan ya je ga fihirisa ya sauya lamba, ya sa 312 a madadin 40. In aka katse shi kafin ya gama, fihirisa na nan tana nuna shafi na 40, wanda ba a taɓa ba. In ya gama lafiya, shafi na 40 ya zama wanda babu mai nema, ana iya goge shi wata rana a sake aiki da shi.

To, a nan ne dabarar hoto take. A ce da safe, kafin a soma aiki, shugaban biro ya umarci magatakarda na biyu ya kwafi fihirisa yadda take a wannan sa'a, ya buga mata hatimi ya ajiye, da sharaɗin duk shafin da wannan fihirisa ke nunawa ba za a goge shi ba. Aiki ya ci gaba, ana ta rubuta sababbin shafuka, fihirisar aiki na ta sauyawa. Da marece aka tarar duk gyaran ranar ɓarna ne. Babu buƙatar a bi shafi shafi ana warwarewa. Sai a ɗauko fihirisa mai hatimi, a ce daga yanzu ita ce ta aiki. Nan take kundin ya koma yadda yake da safe.

Fihirisa mai hatimin nan ita ce hoton faifai. Daga wannan misali ana gane abu biyu. Na ɗaya, ɗaukar hoto ba ya cin lokaci, domin ba a kwafi kundin ba, kan fihirisa kawai aka riƙe. Ko faifan na da girma, abin na ƙiftawar ido ne. Na biyu, hoto ba ya cin wuri ranar da aka ɗauke shi. Yana soma cin wuri ne gwargwadon abin da aka sauya bayansa. In uwar manhaja ta cika gida dubu ɗari, sabuntawa ta sauya dubu biyar cikinsu, to, dubu biyar ɗin nan na da su kaɗai ne nauyin hoton. Sauran duka tarayya ake yi a kansu tsakanin jiya da yau.

INDA DABARAR TA FITO

Wannan dabara ta soma yaɗuwa a manyan na'urorin ajiya na kamfanoni. A shekarar 1994 wasu masana uku na kamfanin Network Appliance na Amurka, Dave Hitz da James Lau da Michael Malcolm, suka bayyana tsarin ajiyarsu mai suna WAFL, wanda aka gina kan rubutu a sabon gida da riƙe hotuna. A 2001 kamfanin Sun Microsystems ya soma aikin wani tsari mai suna ZFS, ƙarƙashin Jeff Bonwick da Matthew Ahrens, aka fitar da shi ga jama'a a 2005. A 2007 Chris Mason, yana aiki kamfanin Oracle, ya soma Btrfs domin Linux, aka shigar da shi cikin Linux a 2009.

Ita Linux uwar manhaja ce ta kyauta, wadda Linus Torvalds ya soma a ƙasar Finlan a 1991. Ƙungiyoyi da kamfanoni dabam dabam ke harhaɗa ta su rarraba, kowa da irin nasa. Cikinsu kamfanin SUSE, wanda aka kafa a Jamus a 1992, da jama'ar da ke yin openSUSE, su ne suka yi fice wajen ɗaure hoto da sabuntawa. A 2011 suka fito da wata ƙaramar manhaja mai suna Snapper, mai kula da ɗaukar hotuna da share su. A 2014 suka maida Btrfs tsarin ajiyar da ake ɗora uwar manhajarsu a kai tun farko. Tun daga nan mai na'ura ba sai ya tuna ba, na'urar ce ke tuna masa.

YADDA AIKIN KE GUDANA

Ga yadda abin yake ga mai aiki da openSUSE. In ya ba da umarnin sabuntawa, kafin a taɓa ko takarda guda, Snapper na ɗaukar hoto, ya ba shi lamba, ya rubuta rana da sa'a. In aka gama, ya ɗauki na biyu. Hoton kafin da hoton bayan ke nan. Da waɗannan biyu ana iya tambayar na'ura ta jera duk takardun da suka sauya tsakaninsu, har ta nuna layin da aka ƙara da wanda aka cire. In ɓarnar ƙarama ce, takarda ɗaya ko biyu, ana iya maido su kaɗai a bar sauran.

In kuwa ɓarnar babba ce, har na'ura ta ƙi tashi, akwai ƙofa ta biyu. Lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin uwar manhaja ta farka, wani ɗan jeri na fitowa na ƴan daƙiƙoƙi. Cikin jerin nan akwai zaɓin a tada na'ura daga hoto. Mutum ya zaɓi hoton da aka ɗauka kafin gyara, sai na'ura ta tashi yadda take a wancan lokaci. A wannan hali hoton na kallo ne kawai, ba a rubutu cikinsa, don kada a ɓata shi shi ma. Mai na'ura ya duba ya tabbata kome na aiki. In ya gamsu, ya buga umarni mai kalma biyu, snapper rollback, ya sake kunna na'ura. Shi ke nan, tsohon hali ya zama na aiki. Halin da ya ɓaci kuma ba a jefar da shi ba, an ajiye shi shi ma a matsayin hoto, domin gwani ya bincika daga baya ya gano abin da ya faru.

Aikin da a da ke cin yini guda, a nemo faifan ɗorawa, a sake ɗora uwar manhaja, a bi ƙananan manhajoji ɗaya ɗaya, a sake daidaita na'urar buga takardu da hanyar intanet, ya koma na ƴan mintoci.

Sauran gidaje ma kowa da tasa hanya. Linux Mint, wadda mutane da yawa ke sa ma tsofaffin kwamfutoci, tana da Timeshift, kuma tun 2018 tana roƙon mai na'ura ya kunna shi tun ranar farko. Masu aiki da ZFS, kamar FreeBSD, suna riƙe uwayen manhaja da dama a faifai guda, su zaɓi wadda za su tashi da ita. Kamfanin Apple ya kawo tsarin ajiya mai hoto, APFS, a 2017, kuma tun 2020 kwamfutocinsa daga wani hoto mai hatimi suke tashi, wanda babu manhajar da ke iya rubutu cikinsa. Windows na da abin da ake kira wurin komawa tun shekarar 2000. Nasa salon dabam ne kaɗan: kafin a goge tsohon gida, sai a kwashe abin da ke ciki a ajiye gefe. Sai dai a na'urori da yawa ba a kunne yake ba, kuma wanda bai kunna ba, ranar buƙata ba zai tarar da kome ba.

Har wayar salula ta aljihu ta shiga wannan sahu. Tun 2016 wayoyin Android da yawa na da mazauni biyu na uwar manhaja. Ana rubuta sabon zubi a mazaunin da ba a aiki da shi, mai waya na ci gaba da kiransa. In aka sake kunnawa sabon ya ƙi tashi, waya ta koma ga tsohon da kanta. Daga 2020 aka soma yin wannan da hoto, don a rage wurin da mazauni na biyu ke ci.

ABIN DA HOTO BA YA IYAWA

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, kuma ruɗuwar na da tsada. Hoto ba ajiya ta biyu ba ne. An riga an ga cewa fihirisa mai hatimi da fihirisar aiki kundi guda suke nunawa. In gara ta ci kundin, ko gobara ta kama biro, ko ɓarawo ya ɗauke shi, fihirisa ko guda ɗari ce ba ta da amfani. Haka faifai: in ya mutu, ya mutu da hotunansa duka. Manomin da ya ware irin shuka ya sa cikin rumbu guda da cimaka ya tsare shi daga hannun masu ɗiba, amma bai tsare shi daga wuta ba.

A daren 10 ga watan Maris na 2021 gobara ta tashi a gidan ajiyar na'urori na kamfanin OVH a birnin Strasbur na Faransa. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya ƙone sashe. Waɗanda ke da kwafin bayanansu a wani gari sun farfaɗo. Wasu kuwa kwafinsu na nan wuri guda da na asali, suka rasa duka biyun.

Maɓarnata ma sun san da hoto. Akwai muguwar manhaja da ke kulle takardun mutum, a ce sai ya biya fansa. Irin wadda aka sani da WannaCry, da ta bazu duniya a watan Mayu na 2017, cikin ayyukanta har da ƙoƙarin share hotunan Windows, don kada mai na'ura ya sami wurin komawa. Kwafin da ke cikin wani faifai da aka cire aka sa cikin akwati, shi ne hannunta ba ya kaiwa.

Abu na biyu, komawa baya na maida duk abin da hoto ya ƙunsa, mai kyau da marar kyau. A ce an ɗauki hoto ranar Litinin, ba a gane ɓarna ba sai Alhamis. In takardun aiki na cikin hoton, wasiƙu da lissafin albashi da takardun haihuwa da aka rubuta cikin kwana ukun nan za su ɓace daga gaban ma'aikaci. Don haka ne openSUSE ke raba faifai sashe sashe. Sashen uwar manhaja shi ake ɗauka hoto, shi ake maidawa. Sashen takardun mutane, da na manyan bayanai, da na littafin da na'ura ke rubuta abin da ya same ta, an ware su, komawa baya ba ta taɓa su. Wurin komawa na Windows shi ma ba ya taɓa takardun mutum. Wannan kariya ce, amma tana da ɗaya fuskar: wanda sabuntawa ta share ma takardu, kamar yadda ya faru a 2018, hoton uwar manhaja ba zai maido masa su ba. Sai in yana da kwafi a waje.

Abu na uku, akwai gyaran da ke sauya fasalin bayanai su kansu. Sabuwar manhajar lissafi na iya juya kundin ma'aikata zuwa sabon tsari ranar da aka ɗora ta. In aka maida tsohuwar manhaja, sai ta tarar da kundin da ba ta iya karantawa. Irin wannan gyara, kafin a yi shi, sai an tsaida aiki an kwafi kundin bayanai dabam.

Abu na huɗu, hoto na girma. Kowace rana da ta wuce, bambanci tsakanin jiya da yau na ƙaruwa, gidajen da aka hana gogewa na yawaita. Na'urar da ke tara hotuna babu mai sharewa, wata rana faifanta zai cika, ma'aikaci ya yi ta share takardu wuri bai samu ba, don hotuna na riƙe da su. Snapper na share tsofaffi da kansa bisa ƙa'idar da aka sa masa, kuma openSUSE ba ta kunna hotuna da kanta in sashen uwar manhaja ƙarami ne ƙwarai.

Na ƙarshe, wanda ya koma baya ya koma ne har da kafofin da sabuntawa ta zo toshewa. Kalmar sirri da aka sauya bayan hoto ma tana iya komawa tsohuwa. Saboda haka komawa baya mafaka ce ta ɗan lokaci. Ana fakewa ne har a gano dalilin ɓarna, ko masu manhaja su aiko da gyaran gyara, sa'an nan a sake sabuntawa.

ABIN DA YA RATAYA GA SHUGABAN MA'AIKATA

Ba lalle darakta ko sakatare ko shugaban biro ya iya buga umarnin nan da hannunsa ba. Wannan aikin gwanin na'ura ne. Amma dukiyar ma'aikata da bayanan jama'a amana ce a wuyan shugaba, kuma akwai tambayoyi da ya kamata ya yi kafin ya ba da izinin a taɓa na'urar da aiki ya dogara a kai.

Ta farko: an ɗauki hoto? Gwani ya nuna lambarsa da sa'ar da aka ɗauke shi, a rubuta cikin kaye.

Ta biyu: mene ne ke cikin hoton, mene ne ba ya ciki? A san tun yanzu ko komawa baya za ta taɓa takardun aiki.

Ta uku: ina kwafi na waje, kuma na yaushe ne? Ƙa'idar da masana suka saba bayarwa ita ce kwafi uku, bisa irin ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani gini dabam.

Ta huɗu: an taɓa gwada komawar? Hanyar da ba a taɓa bi ba, ba ranar tashin hankali ake koyonta ba. A gwada a na'ura guda ranar da babu matsi, a ga minti nawa take ci, a rubuta matakanta a takarda, a ajiye inda za a same ta ko kwamfuta ba ta tashi ba. Makullan faifai ma haka.

Ta biyar: da wace na'ura za a soma? Ba a sabunta na'urori duka rana guda. A soma da ɗaya ko biyu, a ba su kwana biyu ana kallo, sa'an nan a bi sauran. Shi kansa CrowdStrike, bayan abin da ya faru, ya yi alkawarin zai riƙa aika irin wannan gyara kashi kashi, ya kuma ba abokan cinikinsa ikon zaɓen lokacin karɓa.

Ta shida: yaushe za a yi? Ba jajibirin biyan albashi ba, ba marecen da kowa ke shirin tafiya hutu ba, ba kuma lokacin da aka san wuta na yawan ɗaukewa ba, sai in na'urar na da batirin da zai riƙe ta har a gama.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Snapper da Timeshift da Btrfs da ZFS kyauta ne, wurin komawa na Windows kuma yana cikin na'ura, kunnawa kawai yake jira. Faifai guda na waje bai kai kuɗin yini ɗaya da ma'aikata za ta yi a rufe ba, mutane na jere bakin ƙofa suna jiran takardunsu. Abin da ake nema shi ne a maida ɗaukar hoto da kwafi al'ada, kamar yadda ake kulle biro kowane marece ba sai an ji labarin ɓarawo ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Hoton da zai ceci ma'aikata ranar Alhamis, tun Litinin ake ɗaukarsa.